Yadda Ake Gano Abin Da Ke Sa Injin Tsohuwar Motar Kaya Mai Kafireta Rawa Da Tari

Idan injin tsohuwar mota ya fara rawa, ko tari, ko cijewa, hannun mai motar kan nufi sukurorin kafireta, wato na'urar da ke gauraya mai da iska, kai tsaye, don su ne a fili, su ne kuma masu sauƙin murɗawa. A nan aikin yake fara lalacewa. Yawancin cututtukan da ake ɗora wa kafireta daga wuta suke fitowa, ko daga iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya murɗa sukuro kafin ya duba waɗannan ya ƙara ciwo na biyu a kan na farko, sai ya rasa wanda zai bi. Saboda haka a tsarin da zan nuna maka kafireta ce ta ƙarshe.

Inji na buƙatar abu huɗu: mai da iska a gauraye daidai, wuta mai ƙarfi, matsi a cikin silinda, da kuma zuwan wutar a kan lokaci. Duk binciken da za mu yi, tambaya ɗaya ce: wanne ne cikin huɗun ya gaza?

Kayan aiki

Sifanar fulogi, sifanoni da sukundireba na yau da kullum, fila-geji na auna tazara, mita mai auna wuta, agogon auna zuƙar iska, agogon komfureshan, fitilar taimin, gwangwanin feshin wanke kafireta, filaya mai hannun roba, kwalba mai haske, tef da biro na sa alama, da littafin motarka idan yana samuwa. A ajiye abin kashe gobara kusa, irin wanda ke kashe wutar fetur. Idan kuɗinka na agogo ɗaya ne kawai, sayi na zuƙar iska. Ba shi da tsada, kuma babu kayan aikin da ya kai shi tona asirin tsohon inji. Yawancinsu ma suna auna ƙarfin famfon mai.

Yi aikin a sarari inda iska ke wucewa, domin hayaƙin salansa na kashe mutum a rufaffen ɗaki ba tare da ya ji wari mai yawa ba. Ja birkin hannu, sa giya a firi, tare tayoyi. Kada ka sa riga mai faɗin hannu kusa da fanka.

1. Fara da tambayar motar yaushe take yi

Kafin ka ɗauki sifana, ka san lokacin da ciwon ke bayyana, domin wannan kaɗai na rage maka rabin aiki.

Idan rawar a sulo take, wato inji na aiki ba a taka totur ba, amma da ka taka totur sai ta lafa, zargi ɓarauniyar iska, ko hanyar man sulo da ta toshe, ko bawul da ba ya rufewa sosai. Idan sulo lafiya lau ne amma tana cijewa a hawa ko da kaya a baya, zargi raunin wuta ko ƙarancin mai. Idan da sanyin inji kawai take yi, cok ne, wato farantin da ke rage iska a bakin kafireta idan inji na da sanyi. Idan sai ta yi zafi, ka tuna da koyil mai ƙara ƙarfin wutar fulogi, kondensa da ke aiki tare da shi, ko man da ke tafasa a cikin bututu. Idan kuwa lokacin da ka taka totur farat ɗaya ne take shaƙewa sannan ta ɗauka, famfon totur na cikin kafireta ne ko taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa fulogi.

Ka kuma tambayi kanka me aka taɓa a motar kwanan nan, kuma wata nawa ta yi a ajiye. Fetur da ya kwana watanni a tanki yana tsami, warinsa ya koma kamar na fenti. Wanda aka gauraya da itanol kuma yana jan ruwa daga iska, yana cin tsoffin tiyo na roba. Idan motar ta daɗe a tsaye, zuƙo mai kaɗan a kwalba ka ajiye minti goma. Ruwa zai kwanta a ƙasa, tsatsa ma za ka gan ta.

Dubi hayaƙi. Baƙi mai ya yi yawa, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwan lagireto ne ke shiga silinda.

2. Ciro fulogi, ka jera su

Bari inji ya huce. Sa wa kowace waya lambarta da tef kafin ka cire. Ciro fulogan ka jera su bisa tsarin silindarsu, kada ka zuba su wuri guda.

Fulogi mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske. Baƙi busasshe kamar gawayi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na hawowa ta ringi ko ta wuyan bawul. Fari fat mai ƙuraje, mai ya yi kaɗan ko inji na zafi fiye da kima. Wanda ya jiƙe da fetur bai kama wuta ba. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da launi, ruwa ne ke wanke shi, sai ka fara tunanin gaskit ɗin tof, wanda ke tsakanin kan inji da jikinsa.

Abin lura mafi girma shi ne ko duk fulogan launi ɗaya ne, ko ɗaya ne ya fita daban. Kafireta tana ciyar da silinda duka, don haka idan ita ce mai laifi, yawancin fulogan za su nuna. Idan ɗaya ko biyu ne kawai suka bambanta, ciwon yana wajen waya, fulogin kansa, bawul, ko gaskit ɗin manifol, wato bututun da ke kai gaurayen mai da iska daga kafireta zuwa silinda, a kusa da wannan silinda.

Auna tazarar bakin fulogi. A injinan da ke amfani da kontak, wato ƙaramin makunnin da ke buɗewa yana rufewa don tayar da wutar koyil, yawanci inci 0.035 ne, kusan milimita 0.9. Masu wutar lantaroni, irin HEI da kamfanin GM ya fara sa wa motocinsa a tsakiyar shekarun 1970, suna ɗaukar tazara mafi faɗi, sau da yawa 0.045. Bi abin da littafi ko takardar da ke manne ƙarƙashin bonet ta ce.

3. Nemo silindar da ba ta aiki

Mayar da fulogi, tayar da inji, bar shi a sulo. Da filaya mai hannun roba, cire wayar fulogi ɗaya, ka saurara. Idan inji ya ƙara faɗuwa, wannan silinda tana aiki. Idan babu abin da ya canja, ka kama ta. Mayar da wayar, ka wuce ta gaba.

Gargaɗi a nan: a mota mai wutar lantaroni kada ka bar wayar tana lilo a iska, domin wutar za ta nemi hanyar fita ta ƙona modul ɗin wutar lantaroni ko koyil. Kusantar da bakin wayar jikin inji don ta sami inda za ta sauka. Mai ciwon zuciya ko mai na'ura a ƙirji ya bar wa wani wannan gwaji. Idan ba ka so ka taɓa waya sam, akwai wata hanya: da inji mai sanyi, tayar da shi na minti ɗaya, ka ɗiga ruwa a kan kowane reshe na manifol ɗin salansa. Reshen da ruwa bai yi cuu a kansa ba, silindarsa a mace take.

Da ka gano ta, musanya fuloginta da na maƙwabciyarta. Idan ciwon ya bi fulogi, shi ke nan. Idan bai bi ba, gwada wata waya. Idan har yanzu yana nan, sai gwajin komfureshan a mataki na shida.

4. Bi wutar tun daga tushe

Buɗe murfin distiributa, wadda ke rarraba wuta zuwa fulogi. Duba cikinsa da fitila: tsaga, danshi, koren tsatsa a kan ƙarafa, ko siririn baƙin layi kamar zanen fensir. Wannan layin hanya ce da wuta ta yi wa kanta, kuma gogewa ba ta maganinsa, sai sabon murfi. Duba bakin rota ko ya cinye. Kama sandar distiributa ka girgiza ta gefe da gefe. Idan tana motsi sosai bushinta ya ci, kuma duk yadda ka saita kontak ba zai zauna ba.

Kontak ɗin kansa, buɗe shi ka ga fuskokinsa. Idan gefe ɗaya ya yi rami ɗayan ya yi tudu, ko sun yi shuɗi, canja shi. Juya inji har ƙafar kontak ta hau kan tudun sanda, sannan ka auna tazara. A yawancin injinan V8 tana tsakanin inci 0.016 da 0.019. Idan kana da mitar dwel, wato mai auna tsawon lokacin da kontak ke rufe, V8 na son digiri 28 zuwa 32, kuma ta fi fila-geji gaskiya idan kontak ya fara tsufa. Ka riƙe wannan: duk lokacin da tazarar kontak ta canja, taimin ma ya canja. Don haka kontak ake fara saitawa, taimin ya biyo baya. Masu koyo da yawa suna juya wannan tsari, sai su yi ta mamakin yadda taimin ya gudu. Shafa ɗan giris kaɗan a tudun sandar, in ba haka ba ƙafar kontak za ta cinye, tazarar ta rufe a hankali.

Kondensa ƙaramin abu ne amma yana iya sa mota tari da harbi kamar man ya ƙare, musamman idan ta yi zafi. Kuma sabon kondensa ba hujja ba ce cewa yana da kyau. Idan ciwon ya fara ne bayan an canja shi, mayar da tsohon ka gwada.

Auna wutar da ke shiga koyil. A motocin kontak akwai resisto da ke rage ta zuwa wajen bolt 7 zuwa 9 idan inji na aiki. Idan ta yi ƙasa da haka sosai, nemi tsatsa a mahaɗan waya ko a makunni. Idan kuma wani ya tsallake resiston ya ba koyil bolt 12 kai tsaye, kontak zai riƙa ƙonewa da wuri.

Wayoyin fulogi kuwa, gwajinsu mafi sauƙi da dare ne. Buɗe bonet a duhu, inji na aiki, ka duba. Idan ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga waya zuwa ƙarfe, wayoyin sun gama.

Sannan tabbatar da cewa kowace waya na ramin da ya dace. Injin silinda shida a jere, irin Ford 300 ko Toyota 2F, tsarinsa 1-5-3-6-2-4. Ƙaramin V8 na Chevrolet 1-8-4-3-6-5-7-2. Tsohon Ford 302 kuma 1-5-4-2-6-3-7-8, amma 351W nasa daban ne, 1-3-7-2-6-5-4-8, kuma yadda Ford ke lissafa silinda ba irin na Chevrolet ba ne. A Chevrolet silinda 5 da 7 suna maƙwabtaka kuma a jere suke kama wuta, shi ya sa ake yawan musanya su. Ko an sa su daidai ma, kada a ɗaure wayoyinsu jiki da jiki na dogon zango, domin wutar ɗaya na iya tayar da ɗayar.

5. Agogon zuƙar iska da farautar ɓarauniyar hanya

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Bari inji ya yi zafi, ka haɗa agogon da bakin da ke jikin manifol, ko ƙasan farantin totur. Akwai wani baki a jikin kafireta da ke sama da farantin, wanda ba ya nuna komai a sulo. Idan allura ta tsaya a sifili alhali inji na aiki, can ka haɗa, canja wuri.

Lafiyayyen inji a sulo yana nuna inci 17 zuwa 21 a ma'aunin agogon, allura a tsaye cak. A wuri mai tudu lambar na raguwa da kusan inci ɗaya a kowace mita 300 sama da teku, kuma injin da aka sa wa kamshaf na tsere yana nuna ƙasa da haka ba tare da ciwo ba. Motsin allurar ya fi lambar muhimmanci:

Tana tsaye amma ƙasa kaɗan, wajen 14 ko 15: taimin ya makara, ko ringi sun gaji. Tana tsaye ƙasa sosai: babbar ɓarauniyar iska. Tana faɗuwa inci kaɗan tana dawowa bi da bi a kan kari ɗaya: bawul ya ƙone ko silinda ɗaya ba ta kamawa. Tana karkarwa da sauri a sulo, ta nutsu idan an taka totur: wuyan bawul ya ci. Karkarwar na ƙaruwa da ƙarin totur: sifirin ɗin bawul ya yi rauni. Tana shawagi a hankali sama da ƙasa: gaurayen mai da iska ne bai daidaita ba, kuma a nan kafireta ta shigo zargi. Riƙe totur wajen juyi 2,500 a minti na daƙiƙa goma sha biyar. Idan allurar na zamewa ƙasa a hankali, salansa ta toshe.

Don kama ɓarauniyar iska, bi kowace tiyo da hannu. Tsohuwar roba takan tsage ne a ƙarshenta, ta ƙasa inda ido ba ya kai wa. Matse kowace tiyo da filaya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka matse inji ya gyaru, ita ce, ko abin da take haɗe da shi. Kada ka manta babbar tiyon bustar birki. Idan taka birki na canja sulo ko kana jin huci ƙarƙashin sitiyari, robar cikin bustar ta fashe. Ciro bawul ɗin PCV, wanda ke zuƙe tururin cikin inji zuwa manifol, ka girgiza, ya kamata ya yi ƙara kacau-kacau. Motocin da aka yi daga 1973 zuwa sama da yawansu suna da bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, kuma idan gawayi ya hana shi rufewa, sulo ba zai taɓa zama ba.

Bayan haka fesa ruwan wanke kafireta kaɗan-kaɗan a gindin kafireta, a gefen gaskit ɗin manifol, da inda sandar totur ke shiga jikin kafireta. Inda ka fesa muryar inji ta canja, nan iska ke shiga. Wannan ruwa na kama wuta, don haka kada ka yi wannan gwaji kafin ka gyara wayoyin da ke tartsatsi, kuma ka nisanci manifol ɗin salansa. Idan kana tsoro, ruwa zalla a kwalbar feshi ma na yi: inji zai ɗan yi tuntuɓe idan ya zuƙe shi. Wata dabara kuma, rufe rabin bakin kafireta da tafin hannu. Idan sulo ya ƙara kyau, iska ta yi wa injin yawa.

6. Komfureshan

Inji da ɗumi, cire fulogi duka, cire wayar da ke ba koyil wuta, buɗe totur da cok har ƙarshe. Wanda ya manta buɗe totur zai sami lambobi ƙasa da gaskiya ya tsorata a banza. Ɗaura agogo, buga kik har fistin ya matsa sau biyar ko shida, rubuta lambar, ka yi wa kowace silinda haka.

Daidaituwar lambobin ake nema. Kada mafi ƙasa ta gaza mafi sama da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Silindar da ta faɗi ƙasa da psi 100 (psi ma'aunin matsi ne) abar tuhuma ce. Zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake aunawa. Idan lambar ta tashi sosai, ringi ne. Idan ba ta motsa ba, bawul ne. Idan biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ɗin tof ya fashe tsakaninsu.

Kafin ka yanke hukuncin buɗe inji, idan naka na da tafet da ake saitawa da hannu, auna tazarar bawul. Bawul da aka matse ba ya rufewa, kuma sifana da fila-geji sun ishe shi. Wannan na yawan faruwa a injinan da aka ƙera kafin farkon shekarun 1970, lokacin da fetur ke da dalma. Mazaunin bawul ɗin hayaƙi na lotsawa a hankali da man zamani, tazarar ta riƙa rufewa.

7. Taimin

Goge alamar da ke kan fulin kiranshaf, ka shafa mata alli. Cire tiyon da ke zuwa gwangwanin distiributa, wanda ke tura taimin gaba da zuƙar iska, ka toshe ta, in littafi bai ce akasin haka ba. Haɗa fitilar taimin da wayar silinda ta ɗaya. Yawancin waɗannan injina suna son digiri 4 zuwa 12 kafin fistin ya kai ƙololuwa, amma kowanne da lambarsa. Taka totur, alamar ta tafi gaba sumul, ta dawo idan ka saki. Idan ba ta motsa ba, ƙarafa masu nauyi da ke cikin distiributa sun cije da tsatsa. Tsotsi tiyon gwangwanin da baki: farantin kontak ya motsa, ya kuma tsaya muddin harshenka na toshe da tiyon.

Idan alamar na tsalle-tsalle, ko dai distiributa ta ci, ko sarƙar taimin ta saki. Buɗe murfin distiributa, juya kiranshaf da sifana gaba, sannan ka juya baya a hankali kana kallon rota. Idan fuli ya yi tafiyar kusan digiri goma kafin rota ta motsa, sarƙar ta gama aiki. Tsoffin V8 na Amurka da yawa sun zo da giyar kamshaf mai haƙoran roba, waɗanda ke karyewa da tsufa.

Wani tarko: zoben wajen fulin a kan roba yake zaune, kuma yana iya zamewa, alamar ta koma ƙarya. Idan ka saita bisa alama inji ya ƙara lalacewa, wannan ne. Idan babu fitila, ko alamar ba abar yarda ba ce, juya distiributa a hankali har agogon zuƙar iska ya kai ƙololuwarsa, ka dawo baya har allurar agogon ta sauka da inci ɗaya ko biyu, sannan ka gwada ta a hawa. Idan ka ji ƙarar ƙwanƙwasa a inji, ƙara dawowa baya.

8. Shin mai na isowa?

Canja filtar mai, ba ta da tsadar da za a tsaya gardama a kanta. Wasu kafiretoci, irin Rochester, suna da wata ƙarama ɓoye a inda bututu ke shiga, ana yawan manta ta. Riƙe babban goron da sifana ɗaya kana kwance ƙaramin da wata, don zaren jikin kafireta ba ya jure murɗa.

Famfon mai na inji yawanci yana bayar da psi 4 zuwa 7. Ƙasa da haka mota za ta ji yunwa a hawa, sama da haka zai danne allurar fulot, wanda ke tsayar da shigar mai idan kwanon kafireta ya cika, mai ya yi ambaliya. Wannan na faruwa idan an sa famfon lantarki ba tare da abin rage ƙarfi ba. Zaro sandar baƙin mai ka shinshina: warin fetur na nufin robar famfo ta huje, sai a canja famfo da baƙin man gaba ɗaya. Idan motar na mutuwa bayan ɗan tafiya, kuma da ka buɗe murfin tanki sai ka ji ya ja iska fuu, hanyar numfashin tanki ta toshe. Idan kana shakkar tanki da bututunsa, ciyar da famfon daga ƙaramin galan na mai mai tsabta, motar na tsaye. Idan ta gyaru, ciwon na baya.

9. Kafireta

Cire filtar iska, ka duba ta ita ma. Inji a kashe kuma da sanyi, taka totur sau ɗaya, farantin cok ya rufe. Bayan inji ya yi zafi kuma ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Cok da ya tsaya rabi shi ke kawo baƙin hayaƙi da baƙaƙen fulogi.

Har yanzu inji a kashe, leƙa maƙogwaron kafireta ka ja totur da hannu. Ya kamata ka ga mai ya feso da ƙarfi nan take. Idan ɗigo ne kawai, robar famfon totur ta mutu. Kada ka taɓa ɗora fuskarka a kan kafireta inji na aiki ko ana buga kik, domin tana iya amayo wuta. Yi amfani da madubi daga gefe. Idan a sulo ka ga mai na ɗiga daga tsakiyar maƙogwaro, fulot ya yi sama, ko ya sha mai ya nutse, ko datti ya maƙale a allura. A kafireta ƙirar Holley mai ramin dubawa a gefe, man ya tsaya daidai leɓen ramin na ƙasa. Tsoffin Holley kuma suna da bawul ɗin ƙarin mai da kan fashe idan inji ya yi harbi ta sama, daga nan sai mota ta riƙa shan mai ba ƙaƙƙautawa.

Sai sukurorin gaurayen sulo. Murɗa kowanne ciki a hankali kana ƙirga juyi, har ya taɓa ƙasa, ka rubuta adadin don ka iya komawa inda ka taso. Kada ka danne, tsinin na lalacewa. Fito da shi juyi ɗaya da rabi a matsayin mafari. Tayar da inji, ka riƙa murɗa kowanne kwata-kwatan juyi, ka jira ɗan lokaci bayan kowace murɗa, har agogon zuƙar iska ya nuna lamba mafi girma allura a tsaye. Idan sukurori biyu ne, su kasance kusan daidai da juna. Bayan nan ka saita gudun sulo da sukuronsa na daban, yawanci tsakanin juyi 600 da 800 a minti.

Idan ka murɗa sukuro ciki har ƙarshe inji bai nuna ya ji ba, ko dai hanyar man sulo ta toshe, ko an buɗe farantin totur da yawa don ɓoye wani ciwo, har injin ya daina sha ta wannan hanya. Rage sukuron gudu ka sake gwadawa. Idan bai yi ba, sauke kafiretar, ka ɗauki hoton kowane mataki kana kwancewa, ka wanke, ka busa kowace kafa da iska. Kada ka zura waya a cikin jet, wato ƙaramar kafar da mai ke bi, domin tana faɗaɗa ramin. Sa sabbin gaskit da allura, ka auna tsayin fulot bisa takardar da ta zo da kayan gyaran, sannan bayan ka mayar da ita ka sake fesa gindinta don tabbatar da cewa sabon gaskit ɗin ya zauna.